Labarin awa huɗu a shafi takwas

Sanarwar ba ta fi layi shida ba, can a shafin ƙarshe na wata ƙaramar mujallar wasannin tebur da ke fitowa sau huɗu a shekara a nan Ingila. Ana neman gajeren labarin kasada wanda ƙungiyar wasan da nake ciki za ta sa wa hannu, ta yadda duk wanda ya buga shi, ko a ina yake, maki da ganimar da jaruminsa ya samu za su shiga lissafinsa dindindin. Kada labarin ya wuce kalma 4,500, kada bugunsa ya ci fiye da awa huɗu, kuma kada kowa ya turo cikakken rubutu sai an duba taƙaitaccen bayaninsa na shafi ɗaya an ce masa ya ci gaba.

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba, ga yadda abin yake. Mutum huɗu zuwa shida ne, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda: wannan mayaƙi, wancan mai sihiri, na gefe ɓarawo ne gwanin buɗe makulli. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da labarin, shi ne bakin sarki, shi ne bakin ɗan kasuwa, shi ne bakin dodo. In ka ce jaruminka zai haura katanga ko zai yaudari mai gadi, sai ka jefa ɗan lido mai fuska 20, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da uban waɗannan wasanni, Dungeons & Dragons, a 1974, a ƙarƙashin kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. In a gida ake yi tsakanin abokai, jagora na iya raba wa mutanensa takubban sihiri son ransa, ba mai tuhumarsa.

Wasan ƙungiya ba haka yake ba. Jaruminka yana cikin jakarka, ka buga shi yau a shagon wasanni na unguwarku, wata mai zuwa ka kai shi babban taron wasanni irin su UK Games Expo a Birmingham ko Gen Con a Indianapolis, jagoran da bai taɓa ganinka ba ya duba takardunka ya ce ka zauna. Wannan ba ya yiwuwa sai in kowane tebur yana auna lada da mudu ɗaya. Frank Mentzer ne ya kafa RPGA, ƙungiyar masu irin wannan wasa, a cikin TSR a 1980, mujallarta Polyhedron ta fara fitowa a 1981, sannan a 1987 aka buɗe Living City, inda jarumi ke ci gaba da rayuwarsa a birnin Ravens Bluff daga taro zuwa taro maimakon a miƙa maka sabo duk zama. Living Greyhawk, wanda ya gudana daga 2000 zuwa 2008, shi ya kai abin maƙura: aka raba ƙasashen duniyar wasan ga ƙasashen duniyar gaske, Birtaniya da Ireland suka sami Onnwal, Faransa ta sami Ekbir, Ostireliya da New Zealand suka sami Perrenland, kowane yanki da kwamitin mutum uku masu tantance labaransa. Wasu tsare-tsaren irin wannan sun biyo baya: Pathfinder Society ya zo a 2008, Adventurers League a 2014. Tsofaffin 'yan shagonmu har gobe da zamanin Greyhawk suke auna komai, in suka fara hirarsa sai ka nemi shayi.

Bayanin da na tura na ayarin fatake ne. Duniyar wasanmu tana da wani yanki na hamada da marubuta ba su cika zuwa ba, in ma sun je sai ka ga aljanin fitila da ɓarayin raƙuma, shi ke nan. Ni kuwa labaran madugai na ji tun ina yaro, na san abin da ke tayar wa ayari hankali ba takobi ba ne, ruwa ne da kuɗin fito. Sai na tsara ayarin da ya iso rijiya ɗaya tilo a tafiyar kwana da kwanaki, ya tarar masu gadinta sun ninka kuɗin guga har uku sun kuma hana kowa leƙawa ciki. Madugu ya ɗauki jaruman haya su gano dalili kafin dabbobi su fara faɗuwa. A gefen rijiyar na gina gari mai ganuwa da marina da kasuwar gishiri, na kashe masa kusan rabin shafin.

Amsa biyu suka zo, daga nan na gane da mutum biyu zan yi aiki. Editan mujallar ya ce yana so, ya ba ni shafi takwas har da taswira da zane. Mai kula da tarihin duniyar wasan a ɓangaren ƙungiya ya ce shi ma yana so, amma garin ba zai shiga ba. Hujjarsa ita ce taswirar yankin ta kamfanin da ya mallaki duniyar wasan ce, an buga ta an sayar, babu gari a wurin. In na dasa birni mai ganuwa, duk marubucin da zai bi ta nan gaba sai ya yi bayanin sarkinsa da dakarunsa da dalilin da ya sa wasu ayarin ba su taɓa ambatonsa ba. Ya ce in mayar da shi zango, rumfunan da ake kafawa da rani a tashe su in kasuwa ta watse. Har yau ina ganin garin ya fi zangon armashi, amma hujjar mutumin ba ta da inda za a kama ta. Sunan da na raɗa wa madugun ma ya canza shi zuwa wanda ya dace da sunayen mutanen yankin a littafin kamfani.

Haka aikin ya tafi har ƙarshe, kamar na mai mata biyu da kowacce ke lura da abin da aka kai ɗakin 'yar'uwarta. Edita shafi yake ƙirgawa, ƙungiya kuma zinare da maki. Dokar ƙungiya ta ce labarin ya karɓi jarumai na mataki 1 zuwa 2 da kuma na mataki 4 zuwa 5, wato gwargwadon ƙarfin da jarumi ya tara da maki, tunda ba ka san wanda zai zauna a tebur ba. Saboda haka kowane abokin gaba sau biyu zan rubuta shi, mai sauƙi da mai wuya, kowanne da jadawalin ƙarfinsa da makaminsa da abin da yake yi in ya ga za a ci shi. Waɗannan jadawalai kaɗai sun lashe kusan kalma 1,500. Na nemi in ɗauko dodannin da ke cikin babban littafin dokoki in ambaci lambar shafi kawai, edita ya yi murna, ƙungiya ta ce a'a, jagoran da ke bugawa a taro ba zai tsaya yana buɗe littafi uku ba alhali agogo na tafiya. Aka tsaya a kan cewa manyan abokan gaba za su sami cikakken jadawali, ƙananan 'yan rakiya kuma layi biyu da lambar shafi. Ga kuma takardar shaida, wadda jagora ke rubuta ladan jarumi a ciki bayan wasa, da rubutun lasisi, su ma a cikin shafi takwas ɗin za su kwana. Abin da ya rage wa ainihin labarin bai kai kalma 2,600 ba.

Batun ganima shi ya fi cin wasiƙu. Na so jaruman su tafi da salkar sihiri wadda ruwanta ba ya ƙarewa, kyautar madugu. Ba makami ba ce, ba ta ƙara wa kowa ƙarfi a faɗa, na ɗauka za ta wuce salin-alin. Mai duba lada ya mayar mini da ita da jan layi. Ya ce akwai labarai a hannun wasu marubuta da ƙishirwa ce ginshiƙinsu, in ɗan wasa ɗaya ya zauna da wannan salka a tebur, labarin mutum ya mutu tun kafin a jefa ɗan lido. Kuma tunda mujalla kowa na iya saye, cikin wata biyu kowane jarumi a ƙungiyar zai mallaki tasa. Waɗannan mutane suna da dalilin tsoro. A zamanin Living City, kowane kayan sihiri da takardar shaidarsa yake zuwa, 'yan wasa suna musayar takardun a tsakaninsu, har aka kai inda tsohon ɗan wasa ke zama da tulin kayan da babu labarin da zai iya tsorata shi. Tsare-tsaren da suka biyo baya irin su Living Greyhawk da Pathfinder Society sun ɗaure wannan ƙofa: takarda ɗaya bayan kowane labari, jagora ya sa hannu, an ƙayyade iyakar zinaren da kowane mataki zai samu. Salkata ta koma mai cika kanta sau uku, daga nan ta zama fata kawai. Zinaren da ke cikin labarin kuwa sai da na raba shi tsakanin faɗa da bincike da kyautar ƙarshe har jimillar ta zauna daidai kan adadin da ke jadawalinsu, ba ƙarin ko sisi.

Edita kuma nasa yaƙin a kan rubutun cikin akwati ne, wato guntayen sassan da jagora ke karanta wa 'yan wasa da babbar murya. Dokarsa: kada ya wuce jimla huɗu, kada kuma ya faɗi abin da jarumi ya ji a ransa ko ya aikata. Na rubuta cewa da kuka leƙa rijiyar sai tsoro ya kama ku kuka ja da baya. Ya goge, ya rubuta a gefe cewa mai wasan ne zai ce ko jaruminsa ya tsorata, ni aikina in faɗi abin da ke cikin rijiyar. Sai ya koma: igiyar gugan a yanke take daga ƙasa, yankan kuma ba na wuƙa ba ne, ruwan yana motsi alhali babu iska. Wannan gyara ɗaya ya fi duk sauran amfani gare ni, domin a tebur na ga yadda mutane ke tsorata da kansu in an bar su.

Daga nan sai gwaji. Ƙa'idar ƙungiya ita ce ba marubuci ne zai jagoranta ba. Za a ba wani rubutun, ya karanta a daren da ya gabata kamar yadda jagoran gaske zai yi, ni kuma in zauna a gefe da agogo da biro, bakina a rufe. Wata mata da ta daɗe tana jagoranci a shagonmu ce ta karɓa. Aka rasa mutum na shida, sai na jawo ƙanena da ke karatu a nan, wanda bai taɓa riƙe ɗan lido mai fuska 20 ba.

Sa'ar farko ta tafi yadda na tsara. Da suka isa wurin shugaban masu gadin rijiya, inda na shirya faɗa na biyu, sauran biyar suka fara jera jarumansu a kan taswira. Ƙanena kuwa ya tambayi jagorar nawa ne kuɗin guga a da, nawa ne yanzu, raƙuma nawa ne a ayarin. Ya yi lissafi a bayan takardarsa, ya taya rabin kuɗin, ya ce ayarin zai ƙara da gishiri, kuma jaruman za su sauka cikin rijiyar kyauta su cire wa masu gadin abin da ke damunsu. Sannan ya juyo ya ce mini da Hausa, "Yaya, ai wannan mutumin ba faɗa yake nema ba, tsoro yake ji. Wanda ya ninka kuɗi ya hana leƙe, akwai abin da yake ɓoyewa." Ban ce uffan ba. Jagorar ta juya shafi gaba da baya tana neman abin da rubutun ya tanada, ba ta samu ba, sai ta shiga cinikin da kanta. Suka yi minti 40 ana ja, teburin na ta dariya, ciniki ya faɗa ba a zare takobi ko ɗaya ba.

A wasan gida wannan shi ne daren da za a daɗe ana labari. A wasan ƙungiya matsala ce, domin jagorar ta tsaya a ƙarshe tana tambayata maki nawa za ta rubuta musu, tunda makin a kan faɗan na ɗora shi. Wani jagoran a wani gari zai ba da duka, wani zai hana, jarumai biyu da suka yi abu ɗaya su tashi da lada daban. Sai na ƙara sashe: in 'yan wasa suka nemi sulhu, ga abin da shugaban masu gadi zai karɓa, ga abin da ba zai karɓa ba ko da za a kwana, ga lambar da za a jefa, kuma makin daidai yake da na faɗa. Kalma 300 ya ci. Don in biya su na cire harin kurayen da na sa a hanya, wanda dama agogona ya nuna shi ke tura wasan ya haura awa huɗu. A taro kuwa awa huɗu ba wasa ba ce, wasu na tsaye suna jiran teburin.

Akwai wata damuwa da mujalla ce kaɗai ke kawo ta. Labaran ƙungiya a al'ada masu shirya taro da jagorori ake tura wa, ɗan wasa ba ya ganinsu sai a tebur. Mujalla kuwa tana kan kanta a shago, wanda zai buga labarin ranar Asabar yana iya karanta shi ranar Laraba. Dokar ƙungiya ta ce wanda ya riga ya karanta ya gaya wa jagora, ya kuma kame bakinsa wajen warware sirri, amma wannan amana ce kawai, ba mai iya bincika. Abin da muka iya yi shi ne gargaɗi da manyan baƙaƙe a saman shafin farko, da tura taswirar ƙasan rijiya can ciki. Da aka turo mini shafukan in duba kafin a kai maɗaba'a, sai ga zanen abin da ke cikin rijiyar, da haƙoransa da komai, ya cika rabin shafin farko, daidai ƙarƙashin gargaɗin. Zanen ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa mai tsara shafi ya sa shi a gaba. Na rubuta wa edita, ya ce in an matsar da shi sai an sake zuba shafi uku, kuma jibi za a rufe. Ya dai matsar, amma sai da na sake yanke kalma 80 don rubutun ya zauna.

Abin da ba a iya matsarwa shi ne lokaci. Tsakanin ranar da ƙungiya ta sa hannu da ranar da mujallar ta isa shaguna an yi watanni, a cikinsu kuma ƙungiyar ta fitar da sabon kundin dokokinta ta sauya yadda ake lissafin zinaren ƙananan matakai. Labaran da ke intanet aka gyara su cikin dare aka sake ɗorawa. Nawa yana kan takarda, adadin da ke takardar shaida ya zama tsohon yayi tun kafin kowa ya buga shi. Aka wallafa gyara a shafin ƙungiyar, wanda jagoran da ya sayi mujalla a shago ba lallai ya taɓa gani ba. Na sha ganin takardun shaida na labarin a hannun mutane, wasu da tsohon adadi, wasu an soke an rubuta sabo da biro.

Wannan ne ya sa ban yi mamakin yadda harkar ta bar takarda ba. Mujallar Dungeon, wadda tun 1986 ita ce gidan gajerun labaran kasada, ta haɗe da Polyhedron a 2002, shekarar da kamfanin Paizo ya karɓi buga ta, sannan ta daina fitowa a takarda a watan Satumba na 2007 a fitowa ta 150. Mujallar Kobold Quarterly ta Wolfgang Baur ta riƙe fagen daga 2007 zuwa 2012. Tun da aka buɗe kasuwar intanet ta Dungeon Masters Guild a 2016, marubuci na iya ɗora labarinsa da kansa, ya gyara shi duk ranar da ya ga dama, ya kuma ɗauki rabin kuɗin da aka sayar. Duk da haka ni a ganina matsin shafi takwas ɗin nan ya yi wa labarin alheri. Na karanta labaran intanet masu shafi 40 da jagora ba zai iya haɗiye su a dare ɗaya ba, don babu wanda ya tsaya a kan marubucin da almakashi.

Yarjejeniyar da na sa wa hannu gajera ce. Ana biya a kan kowace kalma da aka buga, ba wadda aka rubuta ba, kuma sai mujalla ta fito. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, ya dai saya mini littafin dokoki biyu, aka haɗa mini da kwafi biyu na mujallar. Babban sashen shi ne wanda ya ce duk abin da na ƙirƙira a cikin duniyar wasan, mutum ne ko wuri ko salka, ya zama mallakar mai duniyar.

A ƙasan takardar rahoto da jagora ke mayar wa ƙungiya akwai akwatuna biyu da aka ce in tanada: shin madugu ya tsira, kuma shin an yi sulhu da masu gadin rijiya ko an yaƙe su. Da amsoshin tebura ake yanke abin da ya faru a tarihin duniyar wasan. Bayan an rufe karɓar rahoto, mai kula da tarihin ya rubuto mini cewa mafi yawan tebura sun fitar da madugun da ransa, sulhu kuma ya rinjayi faɗa, saboda haka mutumin yana raye a hukumance, zangon ma ya shiga jerin wuraren da marubuta za su iya amfani da su.

A kakar wasa ta gaba wani marubuci da ban sani ba ya ɗauke shi. A taro na ci karo da labarin, ina zaune a matsayin ɗan wasa da tsohon mayaƙina. Madugun da na rubuta mai tsoron Allah da tausayin dabbobinsa ya zama mai safarar kayan sata a ƙarƙashin buhunan gishiri, aikin teburinmu kuma shi ne mu kama shi da hujja. An rubuta shi da kyau, har salkar an ambata. Jagoran teburin, wani saurayi da ya lura na san hanyar zangon tun kafin ya shimfiɗa taswira, ya tambaye ni ko jarumina ya taɓa haɗuwa da mutumin a wani labari, don akwai ƙarin biyu a kan lambar da aka jefa wajen yi masa tambayoyi ga wanda ke da tsohuwar takardar shaida. Na ce ba ni da ita, marubuci ba ya samun ladan buga labarinsa a tebur. Ya ce to babu ƙarin, in jefa kamar kowa. Na jefa 6, madugun ya yi mini ƙarya ya wuce da raƙumansa, sai mai sihirin teburinmu ce ta kama shi a bakin rijiya.